Kiɗa Daga Ɗakin Tanki

Rabi'a tana tsince shinkafa kiɗan ya sake saukowa. Kwana tara ke nan a jere. Kullum bayan la'asar, daga saman benen da take haya a unguwar Sharafiyya, ta wajen ɗakin tankin ruwa da ba kowa ke hawa ba.

Ba ta san sunan abin da ake kaɗawa ba. Ana fizgar tsirkiya kamar garaya, sai kuma ta ja kuka kamar goge. Can muryar namiji ta shigo, siririya, tana nishi cikin wata ƙara irin ta mai a kasko. Ba Larabci ba, ba Hausa ba. Muryar takan yanke a tsakiyar kalma ta koma farko, ko numfashi ɗaya ba ya sauyawa, tsirkiyar na bin ta a baya. Ɗan Adam ba ya maimaita kansa haka.

Kafaɗarta ta dama ta fara rawa. Ta danne ta da hannu.

Mahaifiyarta 'yar bori ce a Maraɗi. Rabi'a tana da shekara goma sha huɗu ta fara faɗuwa, kuma da irin wannan kukan tsirkiya ake kiran abin da ke hawa kanta. Da ta zo umra ta tuba a gaban Ka'aba, ta ƙi komawa gida. Shekara ashirin da biyu ko sau ɗaya bai waiwaye ta ba. Ko 'yarta Najwa ba ta san wannan labari ba.

Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Najwa ma, da aka haifa a nan, ba ta da takardar kowace ƙasa. A garin nan sihiri ba abin wasa ba ne. Duk ranar da Rabi'a ta faɗi tana ihu da muryar da ba tata ba, maƙwabta za su ɗauki waya, kuma daga nan sai gidan tsare baƙin da za a mayar ƙasarsu. Haka aka tafi da mijinta Gwadabe, da kayan aiki a jikinsa.

Sauƙinta ɗaya: Najwa takan fita tun azahar zuwa yi wa mata lalle a unguwar Ammariyya, kafin ta dawo kiɗan ya ɗauke.

Ran nan ta shigo gab da magariba, ta cire abin sauraro daga kunne.

"Yumma, esh fik? Me ya same ki? Fuskarki ba kyau."

"Ciwon kai ne." Rabi'a ta riƙe hannun yarinyar, ta ji kan yatsunta sun yi kanta. "Aikin nan zai cinye miki hannu."

Da safe, tana sharar matakala, ta tsinci wuyan kwalba, an goge bakinsa sumul yadda ba zai yanki kowa ba. Wa zai zauna ya gyara fasasshiyar kwalba in ba mai tsubbu ba? Ta ture shi da tsintsiya tana karanta Falaƙi da Nasi.

A rana ta goma ba ta san lokacin da ta faɗi ba. Ta farka a ƙasan kicin, tukunya a kife, maƙogwaronta na zafi kamar wadda ta wuni tana kira. Maƙwabciyarta 'yar Yemen tana dukan ƙofa tana tambaya ko lafiya.

Ta yafa mayafi ta sauka wurin Idris mai kula da ginin, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna.

"Idirisu, ɗana, akwai boka a sama."

"Wallahi, khala? Boka a ginina?" Khala yake ce mata, wato inna.

"Ka kore shi kawai, a hankali. Don Allah kada ka kira kowa."

"Halas, khala. Bar mini."

Washegari kiɗan ya fara a kan lokacinsa. Ba a jima ba ta ji mota ta tsaya a ƙofar gini, sai takun manyan takalma suna hawa. Ashe Idris ya kira 'yan sanda. Ta murza mukulli, ta kashe fanka, ta jingina da bango. Takun ya wuce ƙofarta, ya wuce hawa na uku. Ta gode wa Allah da Najwa tana Ammariyya.

Kiɗan ya yanke. Ta ji muryoyi a sama, har da dariya.

Aka ƙwanƙwasa a hankali. "Khala, ni ne."

Ta buɗe kaɗan. Idris yana kallon ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ba sihiri ba ne. Jita ce. Ƙaramin ɗan sandan ma ya san waƙar. Wai wani baƙar fata ne a Amurka, ɗan gonakin auduga na Misisifi. Ya yi faifai kusan shekara casa'in da suka wuce, ya mutu. Har yau masu koyon jita a duniya shi suke bi. A waya ake kunna shi ana kwaikwayo, ana jan tsirkiya da wuyan kwalba a yatsa."

Rabi'a ta ƙara buɗe ƙofar. Mataccen mutum ne a cikin waya. Ta ji dariya na neman ƙwace mata.

"Alhamdu lillahi. To, shi ke nan, sun tafi?"

"Suna saukowa." Ya waiwaya wajen matakala. "Sun tambayi mai kiɗan iƙama. Babu. Khala, wallahi ban sani ba. Da na sani da ban kira ba. Rufe ƙofa, kada ki yi motsi, duk abin da kika gani."

Ba ta rufe duka ba. Ta bar 'yar kafa daidai ido. Ɗan sanda na farko ya wuce da jitar a hannu. Na biyun yana daga baya.

A tsakaninsu Najwa ce, ta kawar da kai daga ƙofar gidansu kamar ba ta san kowa a ciki ba.