Faifan Tsoho Lawwali

Mairama ta ɗora tafin hannunta a kan faifan, ta ƙi ɗagawa.

Talata ce ko Laraba, oho, amma dai bazara ce, fankar buron direkta, wato ofishinsa, tana ta juya iska mai zafi. A ƙaramin gidan rediyon nan na Matameye, Mairama ce mai shirin manoma da makiyaya. Faifan kuwa ɗan ƙarfe ne mai faɗin hannu, irin wanda ake jona wa kwamfuta a ajiye sauti, kuma a cikinsa muryar tsoho Lawwali na garin Ɗan Barto take.

Kafin ya rasu, Lawwali ya zauna gaban makirufonta ya zayyana inda burtalin shanu ya bi tun zamanin kakansa, daga tsamiya zuwa bakin tafki. Burtalin nan ne Alhaji Mailafiya ya kewaye da waya ya haɗe da gonarsa. Makiyaya sun kai ƙara. Tsofaffin da suka san iyakar duk sun kwanta dama, muryar nan kaɗai ta rage musu. Direkta Sadisu ya riga ya goge ta daga kwamfutar gidan, saura faifan Mairama.

"Kayan rediyo ne, Madam, ba naki ba," in ji direkta, idonsa a ƙasa. Injin wutar gidan rediyon, Alhaji ne ya saya.

"Maganar mamaci ce, ba ta rediyo ba. In kuna da ƙarfin hali, ku je ku goge ta a kabarinsa."

Alhaji Mailafiya, da ke zaune a gefe, ya yi murmushi, ya gyara zaman babbar rigarsa. Bai zo shi kaɗai ba. A bayansa ƴarsa Anisa ce tsaye da jaka, wadda ta yi karatun na'ura a Yamai, aikinta rubuta ƙananan umarnin da ke tafiya tsakanin kwamfuta da faifai. Mairama ta san ta tun tana goyo, maƙwabta ne a da.

"Anisa, yi abin da ya kawo ki."

"To, Baba."

Direkta ya zare faifan daga ƙarƙashin hannun Mairama, ya miƙa wayar da aka saba jona shi da ita. Anisa ta ture wayar gefe. Ta ciro wani ɗan baƙin akwati daga jakarta, ta ce wayar gidan ba ta da tabbas, ta wannan za a bi.

Alhaji mutum ne mai son ya gane abin da ya saya, sai ya tambayi aikin akwatin.

"Kwamfuta ba ta yi wa faifai Hausa, Baba. Jerin lambobi take aika masa. Ta farko ta ce karantawa za a yi ko rubutawa, na bayanta su ce a wane gurbi, kuma guda nawa. Akwatin nan ne ke kwance saƙon, ya sake ɗaure shi yadda faifan zai gane. Yanzu za mu ce a rubuta sifili a kowane gurbi."

"In an rubuta fa?"

"Ko a Faransa ba mai dawo da abin da ke ƙasansa."

Mairama ta dube ta. "Ke da na ba kunu da hannuna? Ashe karatun da aka tura ki ke nan, kashe bakin matattu."

Anisa ba ta ɗago ba. Ta danna maɓalli. Wani koren layi ya soma rarrafe a fuskar kwamfutar, ƴar fitilar akwatin tana ƙyaftawa ba tsayawa. Faifan na kwance shiru a kan tebur. Mairama ta ƙi zama, ta ƙi fita. Ta tsaya tana maimaita maganar Lawwali da ƙarfi, daga tsamiya zuwa kuka, daga kuka zuwa tsohuwar rijiya, har direkta ya tashi ya rufe taga.

"Haddace ta da kyau," in ji Alhaji. "Alƙali ba ya karɓar hadda."

Da layin ya cika, Alhaji ya ce a buɗe ya gani da idonsa. Anisa ta sake aika umarni, na karantawa wannan karon. Sifili suka cika fuskar kwamfutar, sahu bayan sahu. Ya sa aka duba farko, aka duba tsakiya, aka duba ƙarshe. Ya shafa gemu, ya yi wa ƴarsa addu'ar albarka, ya fita direkta na biye da shi har mota.

Anisa ta cire akwatinta ta mayar jaka, ta tura faifan gaban Mairama.

"Riƙe gawarki," Mairama ta ce. "Gobe Ɗan Barto zan koma. Ko jikokin Lawwali ne zan sa su faɗa, kuma zan sa a iska, su kore ni."

"Yaya Mairama, ki tafi da shi. Ki jona shi da waccan wayar ta gidan, kuma kada ki tsaya ko'ina sai gaban alƙali."

"In kai masa sifili?"

Daga waje aka danna odar motar Alhaji. Anisa ta rataya jakarta, ta leƙa ƙofa, sannan ta rage murya.

"Ko lamba ɗaya ba ta isa faifan nan ba. Akwatin ne ke karɓar umarnin ya ce an gama, shi ne kuma ya nuna sifilin. Ni na koya masa, irin 'to' ɗin da nake ce wa Baba."