Cinikin Kashin Awaki

Na rasa mijina, na rasa zumuncin shekara bakwai da yayata Barira. Abin da na samu a madadinsu awaki goma sha ɗaya ne, da sunan macen da ba a cin ribarta a ciniki. Ke Sahura, tunda kin rantse ba za ki ƙara taka gidan ƙaninki ba, ga misali, kuma ba a bakin wani na ji shi ba.

Da Malam ya rasu, Yaya Barira ba ta iso ba sai ranar sadakar bakwai. Ta ce saƙo ne bai same ta da wuri ba. Ni kuwa a gaban mata na ce hanyar da ta kawo ta ba a rufe ta ba. Ta ɗauki mayafinta ta koma Malumfashi. Tun daga ranar ban je ba, ba ta zo ba. Ran kasuwa in na hangi matan garinsu masu daddawa, sai in tsuguna in yi ta taya abin da ba zan saya ba, ko wata za ta ambaci sunanta ba tare da na tambaya ba. A haka na ji idonta ya fara tafiya. Na ce Allah ya sawwaƙe, na kama hanyar gida.

Bara da damina wata malama daga jami'a ta tsaya da mota a ƙofar gidana. Ba taki take so mangala-mangala irin na manoma ba, tsohon kashin awaki take nema, na lungun bayan turke inda laima take zama. Na ce a raina, wanda ya ƙona mai ya zo neman kashin akuya ya san abin da ban sani ba. Ta taya, na ce albarka. Ta ƙara, na ce albarka. Na ce ba na sayar da abin da ban san amfaninsa ba, ga ƙwaya uku ta je da su, ta dawo ta nuna mini. Bayan mako biyu sai ga ta da su a ɗan faifan gilashi, ta miƙo mini madubin da ke ƙara girman abu. Na kanga ido. A jikin kashin nan akwai ɗigo-ɗigo ja-ja kamar murjani, ko kan allura ya fi su girma.

Ta ce kowane ɗigo gari ne guda na wasu ƙwayoyin halitta masu yauƙi, dubbai a wuri ɗaya, kuma masana na neman magani a jikinsu. Su ma dangi-dangi ne. Ana gane kowane gida da abincinsa da irin gininsa: waɗansu ruɓaɓɓen kara suke ci, waɗansu farautar ƙananan ƙwayoyi suke yi, wani dangi ya yi gini mai rassa kamar bishiya, na lunguna kuwa dunƙule suke yi. Ba su da ƙafa, ba su da fiffike. Jan ciki suke a kan yauƙin jikinsu kamar dodon koɗi, na baya ya bi sawun na gaba. Tare suke kiwo, don ɗaya shi kaɗai ba ya iya narkar da abin da zai ƙosar da shi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: ranar da abinci ya ƙare ba sa watsewa. A ranar ne ma kowa ke jawo jiki daga inda yake, su hau kan juna su yi wannan ɗigon. Da yawa su mutu a ciki, saura su zama iri, su jure fari har shekaru, in laima ta dawo su farka tare.

Na ce, "To in ɗaya ya yi fushi ya ƙi zuwa fa?"

Ta yi dariya ta ce, "Inna, ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Wanda ya tsaya can shi kaɗai dai ba ya cikin irin da zai ga damina."

Na daɗe riƙe da madubin. Abin da ido ba ya gani, a cikin kashin akuyata, yana rarrafe zuwa wurin ɗan'uwansa ranar wuya, ni ga ni da ƙafa biyu lafiyayyu ina tsintar labarin yayata a bakin masu daddawa. Malama ta zaci jan ciniki nake, ta sake ƙarawa. Na tambaye ta ko hanyarta ta bi ta Malumfashi. Ta ce ta bi.

Na ce ta kwashe lungun duka. Kuɗinsa kujerar gaba a motarta, ba ta baya ba, da wurin 'yar akuya ɗaya ta tsaraba, ta sauke ni a ƙofar gidan Yaya Barira, kuma kada ta tambaye ni komai a hanya. Ta ce, "Inna, ai wannan ba kuɗi ba ne." Na ce, "Ni ke sayarwa ko ke? A haka na sallama."

To kin ji, Sahura. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.