Telan da ya dama fenti da man gyaɗa

Ni dai ba a neman shawarata sai abu ya lalace, sannan a zo ana cewa da ma an ji ta bakina. Tunda kai ka yi hankali ka zo da wuri, gyara zama in ba ka misalin wani tela.

Telan nan furfura ta fara leƙo masa sai sha'awar zane da fentin mai ta shige shi. Ba wanda ya koya masa. Akoko yake yankowa daga ragowar ɗinki, ya ɗame shi a jikin katako da ƙananan ƙusoshi, ya shafe shi da fari, in ya rufe shago bayan la'asar ya zauna yana ɓata hannu. Akuyarsa ta farko, duk wanda ya gani sai ya ce tebur ne mai ƙaho. Bai yi fushi ba. Ya zana tulu, ya zana bishiyar kuka, ya zana mai shayin bakin titi da butarsa, har ya gane fentin mai ba ya son gaggawa: a shafa na ƙasa, a bar shi ya sha iska kwana da kwanaki, sannan a ɗora na sama. Sannu a hankali inuwa ta fara zama inda inuwa take zama. Ya zana kusan kowa a layinmu, har da mai faci, amma fuskar da ta fi kowacce dacewa da bango, wadda kake kallo yanzu, bai taɓa nemanta ba. Na yafe masa. Sanin abu mai kyau ma rabo ne.

Ana nan sai masu faɗaɗa hanya suka zo suka shafa jan fenti a katangar gidan kakanninsa, tsohon ginin ƙasa mai zanko da zaure mai sanyi. Gwaggonsa, wadda a gidan aka haife ta kuma a nan ta tsufa, aka kwashe ta zuwa sabuwar unguwa, ɗakin bulo da rufin kwano. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce masa tunda an ce ya iya zane, ya kawo mata gidan ta rataye inda za ta riƙa ganinsa daga kan gado. Ya ɗauki alkawari. Yaran gida suka ɗauki hotuna da waya, shi kuwa ya ce waya ba ta san launin katangar nan da yamma ba. Kullum sai ya kafa katakonsa a tsallaken titi yana duban gidan yana shafawa.

Aiki ya yi nisa sai 'yar kwalbar man da ake dama fentin da shi ta ƙare. Mutum ɗaya ke sayar da irinsa a kasuwa, shi kuma ya kulle shago ya tafi garinsu jana'iza, motar rusau kuwa ta riga ta iso bakin layi. Tela ya shiga madafa ya ɗauko man gyaɗar uwargida, ya ɗaga shi a rana kusa da ɗan ɗigon da ya rage a gindin tsohuwar kwalbar. Launi ɗaya, kauri ɗaya, santsi ɗaya a yatsa. Ya ce ai mai mai ne. Uwargida ta ce ita dai a biya ta man miyarta. Da ya gwada, burushi har ya fi gudu a kan akoko, launi ya fito yana sheƙi. Ya zuba shi ba tsoro. Gaskiya ɗaya ce, ko da yake ba na son yabon wanda bai zana ni ba: bai taɓa yin aiki kamar wannan ba. Har gurbin da kafaɗun mutane suka goge a ƙofar zaure ya fito. Ya gama, aka rushe gidan, ya jingine zanen a bayan keken ɗinki ya bushe.

Bai bushe ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, in ya taɓa da yatsa sai fenti ya biyo shi. Man zane shan iska yake ya daskare, man gyaɗa kuwa miya yake jira. Kiyashi suka ji ƙanshi suka yi layi. Zaren ɗinki da ƙuda suka manne a sararin samaniyar zanen. Ya fitar da shi rana, sai zanko ya fara gangarowa kan zaure, zaure ya gangaro kan titi, kyankyasai suka ƙarasa abin da ya rage. Gidan da motar rusau ta ci da rana tsaka, ƙwari suka sake cinye shi a bayan keke.

Da mai sayar da man ya dawo, tela ya sayi man gaskiya, ya ari wayar yara, ya sake zana gidan daga hoto. Komai ya zauna daidai, ƙofa a wurin ƙofa, zanko a wurin zanko, ya kuma bushe ƙamas. Ya naɗe shi a sabon yadi ya kai wa gwaggo. Ta sa aka matso da shi kusa da taga, ta daɗe tana dubawa, ta shafa shi da tafin hannu.

Ta ce, "Gida ya yi kyau, ɗan nan, Allah ya yi albarka. Na su wane ne?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.