Jirgin Saman Da Ya Bi Kwalta

Auta, tun da ka kira ka ce jibi za ka zuba matarka da yaran nan a motar da ka saya ku kamo hanya zuwa bikin da za a yi a nan gida, takardunta sun mutu, ba kuma wanda ya leƙa ƙarƙashinta, nake ta neman yadda zan ja maka kunne. A waya ba na iya magana, kana katse ni da dariya. Shi ya sa na zauna na rubuto maka wannan misali, ka karanta a tsanake.

An yi wani dattijo mai ƙaramin jirgin sama, irin na da, kujera biyu, farfela ɗaya a hanci. Fukafukansa katako ne aka lulluɓe da yadi, aka shafe da fenti ruwan ɗorawa. Da ƙuruciya da shi yake feshin maganin fara a gonakin shinkafa. Da ƙarfi ya ja baya sai ya tura shi cikin wata rumfar kwano a bayan gari. Shekaru suka yi ta wucewa, kaji na kwana a inuwarsa, matar dattijon na shanya kuɓewa a kan fiffike. Ita kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa hawansa ba. Nata dai wankin riguna masu warin mai, sai ya dawo ya ba ta labarin yadda kogi ke komawa kamar zare, shanu kamar an watsa farin wake a tabarma. In ta ce yaushe za a je da ita, sai ya ce wata rana.

Ana nan sai ga wani mutum daga gari mai nisa, wanda tun yana yaro yake bin inuwar jirgin nan da gudu a kan kunyoyi. Ya saya, ya ce a kai masa har gida. Dattijo ya je ofis, aka ce masa takardar izinin tashi ta mutu tuntuni, ba a sabunta ta sai mai dubawa ya zo ya ƙwanƙwasa jirgin ciki da waje, shi kuma ba zai samu zuwa ba sai bayan damina. Mai saye yana ta aike. Abokan hira suka ce masa, sama akwai shingen 'yan sanda ne? Ka bi saman kogi ƙasa-ƙasa, kafin azahar ka sauka. Maganar ta yi masa daɗi, don ransa na son tashin nan na ƙarshe. Ya ce wa matarsa wata ranar nan da yake ta faɗa mata ta zo, da ita za a tashi. Ta ɗinka atamfa, ta yi ƙunshi.

Da hantsi suka zauna gefe da gefe, tana riƙe da kwanon fura a cinya. Inji ya tashi, kaji suka watse, mayafinta na kaɗawa. Ya ɗora hannu zai saki jirgi, sai ya dubi ƙunshin hannunta, ya dubi fiffike. Ya tuna duk tsawon aikinsa bai taɓa barin ƙasa ba sai wani ido, ba nasa ba, ya duba masa. Ya kashe inji. Ta juyo ta ce, "Malam, yau ma wata ranar ce?" Ta sauka da kwanon furarta.

Ya nemo babbar mota, aka ce sai an cire fukafukai kafin jirgi ya hau. Ƙarti suka sa kafaɗa suna jiran nauyi, fiffiken dama ya taso musu sakayau kamar faifai. Daga gindinsa jar ƙasa ta yi ta zuba. Ashe gara ta cinye katakon ta ciki, ta bar fenti yana sheƙi. Matar ta matso ta danna da yatsa, yatsan ya nutse kamar a cikin tuwo. Nan ta zauna a ƙasa da sabuwar atamfarta.

Aka ɗaure jirgi a bayan mota, fukafukai a kwance gefensa. Da za a tashi, sai ta tattara zaninta ta haye kujerarta ta ɗazu, shi ma ya hau tasa. Ni dai da ba zan hau ba, amma ita ta hau. Mota na tafiya a hankali kamar raƙumi. Daga can sama tana ganin kan dawa yana rausaya, tana ganin barkono ja a shanye a kan soraye, mata a tsakar gidajensu suna sakin taɓarya suna ɗaga mata hannu. A kan gada balbelu suka taso suka jera da ita, har ta miƙa hannu kamar za ta taɓa ɗaya. Kogi bai zama zare ba, amma ta ga ƙasansa, ta ga masunta. Suka kwana a hanya, suka sha furarsu.

Da suka isa, mai saye ya fito da 'ya'yansa mata, an yi musu kwalliya, kowacce na jiran a ɗaga ta sama. Dattijo ya kama hannunsa ya kai shi gindin fiffiken. Mutumin ya duba, ya juya ya dubi yaran, ya jawo su jikinsa. Ya ce a kira kafinta, a kuma jira mai dubawa ko da zai kai baɗi.

To, Auta, ka kai motar nan a duba ta, ka sabunta takardunka. In bikin ya wuce ku, ya wuce, zan ajiye muku naku cincin. Ni fuskokinku nake son gani a ƙofar gida. Hausawa suka ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.