Rafin da Ke Ƙarƙashin Ɗakinmu

Ina ƴar firamare, wata rana bayan la'asar, kawuna Malam Idi ya shigo gidanmu a unguwar Maamobi da taswira biyu a hammata. Malamin makaranta ne, yana tattara tarihin unguwa. Ya shimfiɗa su a tabarma gaban kakata Hajiya, ya ce in danne gefe kada iska ta ɗauke.

Ɗaya ta zamanin Turawa ce, ta yi ja, tana warin tsohuwar adaka. Babu gidaje a cikinta, sai wani shuɗin layi da ya gangaro daga unguwar Nima. Sabuwar kuwa gidaje ne cunkus, layin babu shi.

Kawu ya ce, "Inna, wannan rafin ina ya tafi?"

Hajiya ba ta karatun boko. Ta bi layin da yatsa a hankali, sannan ta ɗaga kai ta dubi ɗakin da ni da ƙannena muke kwana.

"Bai tafi ko'ina ba. Da shara muka cike shi, babanku ya ɗora bulo. A takarda kawai aka share shi, Idi. Zai dawo neman hanyarsa."

Kawu ya yi dariya, amma ban ji dariyar ta kai ciki ba. A ranar Hajiya ta sa aka mayar da shimfiɗarmu ɗakinta. Ba a daɗe ba, wata damina, ruwa ya kwashe wancan ɗakin har tushe.

Yau a bene nake zaune a unguwar Madina, amma da hadari ya haɗo sai in tsinci kaina ina ƙirga ƴaƴana.