Asalin Lungun Birni

Madam Safiya ba ta gama rubutu a allo ba, Munira ta ɗaga hannu. Haka take, ko shayi ba ta jiran ya huce.

Aikin shi ne kowace ɗaliba ta zaɓi kitso ɗaya, ta binciko asalinsa, ta zo ta yi ekspoze, wato bayani a gaban aji, ran Litinin. Wadda ta fi kowa, ita za ta je gidan rediyo da sunan lise, makarantarsu ta sakandare. Munira ta ce ta ɗauki lungun Birni, kitson nan da tsagarsa ke tafiya ta karkace, ta dawo, ta sake karkacewa, wanda yanzu ba amaryar da ke fita a Damagaram ba tare da shi ba.

Daga bencin baya Ramlatu ta ce ai wannan kitson Barebari ne, daga Barno ya zo, innarta ta gaya mata.

"Na Damagaram ne," in ji Munira. "Kuma shaida mai rai zan kawo. In ban kawo ba, ki je rediyon, ni zan riƙe miki jaka."

Duk aji ya ji. Ba damar janyewa.

Ita kanta Munira kalaba biyu take yawo da su ƙarƙashin hijabi. Masu kitson unguwarsu, duk wadda ta je wa, sai ta ce yau hannunta na ciwo. Munira ta daɗe da yanke cewa masu kitso mutane ne marasa lafiya.

Ran Juma'a da la'asar ta faɗa gidan Delu a Zango, wadda aka ce ta fi kowa iya shi. Ta same ta da kan wata mata tsakanin gwiwoyi. Delu ta ce kitson taswira ce ta lungunan Birni, matan fada ne suka ƙirƙiro shi don kada baƙuwa ta ɓata. Munira ta rubuta a kaye, littafin rubutunta, tana tsaye, don tabarmar da aka shimfiɗa mata ba ta ko kalla ba. Da ta tambayi wa ya koya mata, Delu ta ce a kan wata ta gani, aikin Aliya ta Takieta.

Asabar da safe tana cikin motar Takieta, tana tambayar direba ko motar ba ta da wani gudu bayan wannan.

Aliya ta ce Delu ba ta san komai ba. Ba lungu ba ne, hanyar ayari ce ta zuwa Agadas, kowace kwana rijiya ce. Munira ta rubuta wannan ma. Da aka matsa mata, ita ma Aliya ta yarda gani ta yi, a wani taron suna cikin Birni.

"A kan wata 'yar mitsitsiya, sai tsalle take kamar an zuba mata barkono a zane. Da kyar na kama ta na ƙirga tsagar, har cizona ta..."

"Inna, bar zancen yarinya. Wa ya yi kitson?"

"Ummul Khairi. Gidan nan mai kurna a ƙofa."

Munira ta rufe kaye. Kurnar nan, ita ta karya mata reshe biyu. Gidansu ne, Ummul Khairi kuwa kakarta ce, wadda ta ajiye tsinken kitso shekaru da yawa, ta koma gyaran zogale.

Ta shigo gida ko takalmi ba ta cire ba.

"Kaka, ke kika fara lungun Birni?"

"Ni ce. Zauna in ba ki labari."

"Ajiye shi sai Litinin, ki faɗa gaban kowa."

Kaka ta bi ta da kallo, ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Lahadi Munira ta cika shafi huɗu. Ta sa fada, ta sa ayari, ta ɗinke su wuri ɗaya. Inda labari ya yi rami, ta cike da nata. Shafi na ƙarshe shi ya fi burge ta, inda ta bayyana cewa kowace karkata a kitson alama ce ta haƙuri da natsuwar 'ya macen Damagaram.

Ran Litinin Kaka ta sha zanenta na zuwa biki, Madam ta ba ta kujerarta. Munira ta karanta shafi huɗun tana kai da komo gaban allo, sau biyu tana ture kwandon shara. Da ta gama, ta nuna tsohuwar da hannu biyu, ta ce ga tarihi da kansa.

"Kitson na Damagaram ne, wannan gaskiya ta faɗa," in ji Kaka. "A tsakar gidana aka haife shi."

Munira ta juya ta kalli Ramlatu, ta yi alamar riƙe jaka. Aji ya ɗauki tafi, Madam ta fara rubutu a takardarta.

"Amma fada da ayari, ban san su ba. Shekara goma sha biyu ke nan, ranar sunan jikana Mansur. Ni shuku na nufa, miƙaƙƙe. In na ja tsaga nan, kan ya juya can. In na bi shi can, ya dawo nan. Na yi lallashi, na yi ranƙwashi, na ba da alewa. Baƙi sun cika gida, ba lokacin tsefewa, na sake ta haka ina jin kunya. Tun ranar ban ƙara taɓa kan kowa ba."

Madam Safiya ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi. "To Inna, kan wa ke nan?"

Kaka ta nuna da haɓa.

"Ga ta nan, har yau ba ta zauna ba."