Rabin Aji

"Daga zango mai zuwa ajin naki ne ke kaɗai," in ji shugaban makarantar. "Yara sun fi gane koyarwarki. Wannan rabe-raben ya isa haka."

Su biyu suka ƙirƙiro rabe-raben, ita da maƙwabciyarta, bayan kowacce ta shafe shekaru a gida tana raino. Ita ke koyarwa da safe, maƙwabciyar na riƙe musu ƙananan yara. Da rana sai su yi musanya a bakin ƙofar makaranta, wannan ta miƙa alli, waccan ta miƙa goyo. In ta karɓi tayin, maƙwabciyar ta rasa aiki ke nan.

Ta ce za ta yi shawara. Kafin ta kai ƙofa ta gama shawarar, saura yadda za ta faɗa mata.

Maƙwabciyar na tsaye, goye da 'yar autarta. Ta miƙa hannu, yarinyar ta kau da kai.

"Kada ki damu, Yaya," in ji maƙwabciyar tana kwance majanyi. "Kullum haka take. Ce mata nake aika zan je, ke za ki riƙe min ita in dawo."